Kunun da Na Zuba wa Rago

Da la'asar sakaliya na durƙusa a bakin katifa zan yi addu'a, na ce bari in sunkuyar da kai, sai wuyana ya ƙi. Ba ciwo ne ya fara zuwa ba, ƙi ne kawai, kamar an zura mini sanda daga ƙeya har tsakiyar baya. Na sake gwadawa, wani abu ya tsarga mini har cikin ido. A tsakar gida ina jin Hajiya Asabe, mai gidan da nake zaune, tana tsame alkaki daga mai tana yi wa ragonta faɗa. Tunanin da ya fara zo mini shi ne: shi ke nan, ta same ni. Jiya na kurɓi kununta.

Sunana Rifkatu. Daga wani ƙauye nake kusa da Numan, a Gongola, kuma na gama sakandare da takarda mai kyau. Na faɗi wannan ne don kada a ce rashin karatu ne ya sa na yi wa tsohuwar da ta ba ni ɗaki irin wannan zato. Sai na koma baya kaɗan kafin a gane.

Zangona na farko a Zariya tasha ce. Yaya Bitrus, ɗan garinmu, shi ya zo gida Kirsimeti da kwat da agogo, ya ce wa Baba akwai gurbin mai buga tafireta a wani ofis a unguwar Kongo da ke Zariya, sai dai a kai wa manya na goro. Baba ya sayar da awakinsa ya ba shi. Yaya Bitrus ya ce zai tarye ni a tasha. Na sauka da hantsi na zauna a kan akwatina, duk motar da ta tsaya sai in miƙe. Rana ta take, ta juya. Wata mai sayar da rake ta matsa mini gefen inuwarta ba tare da ta tambaye ni komai ba, da ta ga leɓena ya bushe ta fere guda ta miƙo mini. Na sha har na tauna ɓawon. A lokacin ba a koya mini tsoron abin hannun mutane ba tukuna.

A tashar na kwana. Washegari sai da na bi coci-coci na Sabon Gari ina tambaya kafin na samo Yaya Bitrus. Ɗaki ɗaya yake da wasu samari, kwat ɗin ma ashe ta aro ce, na gan ta a jikin wani. Ya ce ana kan magana, in yi haƙuri. Ya kai ni wurin wata mai tuwo-tuwo, ina wanke mata kwanuka ina kwana a bayan shagonta tsakanin buhunan gawayi. Kowace safiya in wanke fuska, in sa siket ɗina ɗaya mai kyau, in taka zuwa Kongo in tsaya a ƙofar ofishin kamar wadda za a kira sunanta.

A can Malam Shehu ya gan ni. Akawu ne a ofishin, dogo, mai farar hula da tsohuwar basfa. Wata safiya ya kashe basfar a gabana.

"Malama, kullum ina ganinki a nan. Wa kike jira?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ba na son in zama mai kawo miki mummunan labari, amma ba gurbi. Rage ma'aikata ma ake yi. Wanda ya ce miki akwai, ban jin ya taɓa taka ofishin nan."

Na zauna a bakin kwalbati na yi kuka a gaban masu wucewa. Bai tafi ba. Da na sarara ya ce akwai masu buga wa ɗalibai takardu a gindin bishiyoyi can gaba, shi kuma yana da tsohuwar tafireta a gida da ba mai taɓawa, zai ara mini. Ya tambayi inda nake kwana, na faɗa, ya girgiza kai.

"Ɗakin ƙanwata yana nan ba kowa tun da aka kai ta Kano. Mahaifiyata ba ta son shiru. In dai ba kya ƙyamar cikin birni."

Da na je ɗaukar akwatina, Yaya Bitrus ya ja ni gefe.

"Cikin ganuwa? Ke Rifkatu, kin san inda za ki kai kanki? To, ɗakin dai karɓi, tunda ba yadda za a yi. Amma ko ruwan randarsu kada ki sha. Rubutu suke wankewa daga allo su zuba a abinci. Kafin damina kin manta sunan ubanki, sai dai ki ji kanki kina kabbara."

Mutumin da ya cinye awakin Baba ne ya faɗi wannan, yana tsaye cikin silifas ɗin wani. Na daina yarda da shi a kan aiki, amma wannan maganar na ɗauke ta na ƙulle a bakin zani.

Gidan yana can cikin wani lungu a Ƙofar Gayan, inda basfa ma sai an sauka an tura. Zaure biyu ake wucewa kafin tsakar gida. Ni da na tashi a inda ido ke kaiwa har ƙetaren Binuwai, sai ga ni a inda ko'ina katanga ce, sama kawai ake gani, ita ma guntuwa. Da asuba kiran salla ya taso ta kowace kusurwa, in ja zani in rufe kai, in yi ta tuna ƙamshin kifi a kan wutar Mama da gangar mata a cocinmu.

Hajiya Asabe gajeriya ce, mai haƙorin Makka ɗaya da gwiwa ɗaya mai ciwo. Alkaki da nakiya take yi wa masu biki, bakinta kuma ba ya hutawa. In ba mutum, da ragonta take hira, wanda take kiwo don layya, ɗaure a turke daidai bayan tagar ɗakina. Ranar da na zo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce mai tafiretar? Shehu, ai iska za ta ɗauke ta kafin ta kai Kongo." Ba ta tambayi addinina ba, sunana ya riga ya gaya mata.

A gidan, in an sauke tukunya, kowane ɗaki da langarsa. Safe da dare sai in ji ƙwas a bakin ƙofata. In ɗauka da hannu biyu in yi godiya, in shiga in saki labule, in jira. Tsakar gida na yin shiru sai in miƙa hannu ta taga in juye wa rago. In wanke langar tas in mayar.

"Ya yi daɗi, Hajiya. Allah ya ƙara arziki."

"Ashe dai kina ci. To ina yake zuwa? Ko rami gare ki a ciki?"

Abincina biredi ne da gyaɗa a Kongo. Ruwana na famfon can ne, ina ɗauko shi a galan, na ce mata na rijiya yana ɓata mini ciki. Wata rana na dawo na tarar da ita a kan tabarma tana shan wani baƙin ruwa a ƙoƙo, tana shafa sauran a gwiwa. Rubutu ne, na ciwon ƙafarta. Na ce a raina, ga maganar Yaya Bitrus ta fito. Ran Lahadi bayan sujada in tsaya a harabar coci ina ba 'yan'uwa labarin yadda nake zaune ni kaɗai a tsakiyarsu ban gurɓata ba, su yi ta jinjina mini. Ba wanda na gaya wa cewa tsohuwar ce ta ɗinke mini siket da ya yage, ban ma roƙe ta ba.

Haka muka tafi har azuminmu ya zo, na kwana arba'in kafin Ista. A gida Mama tana yinsa ba wanda ya sani. Ta daina cin nama, ta tsallake abincin rana, abin da ta rage ta rufe a ƙwarya ta kai wa wata makauniya a bayan coci. In ka tambaye ta me ya sa ba ta ci, sai ta aike ka ɗebo ruwa. Sau ɗaya ta taɓa yi mini bayani, muna surfe. Ta ce azumi don mutum ya tuna shi ba kowa ba ne, cikinsa ma ya fi ƙarfinsa, kullum baki yake buɗe wa Allah kamar jariri. Na ji, na ma rubuta shi a jarrabawar addini na ci maki.

Ranar Larabar Toka na je coci da sassafe aka shafa mini toka a goshi. Da yawa suka goge tasu a bakin ƙofa kafin su wuce aiki. Ni na bar tawa, na ratsa Ƙofar Gayan da ita, kai a sama.

"Ke 'yar nan, da tukunya kika yi karo?" Hajiya ta kama bakin mayafinta za ta goge mini. Na kauce.

"Alamar azumi ce, Hajiya. Yau muka fara."

"Au, ku ma kuna yi? Kwana nawa?"

"Arba'in."

"Arba'in." Ta ajiye matsamin alkaki. "Mu talatin ma sai mun ga wata muke numfashi. Da ruwa ko ba ruwa?"

Ba wanda ya hana mu ruwa. Fasto cewa ya yi kowa ya yi daidai ƙarfinsa, kuma kada ya yi shela. Amma na ga yadda take dubana, sai na ji bakina ya ce, "Ba ruwa. Daga fitowar rana har faɗuwarta."

Abu biyu nake nema: a daina kawo mini langa, kuma su san mu ma ba baya ba ne.

Na farkon bai samu ba. Washegari kafin assalatu na ji ana buga ƙofata.

"Rifkatu, tashi, lokaci na tafiya. Ga sahur."

"Hajiya, mu ba ma sahur."

"Wane irin azumi ne ba sahur, a bazarar Zariya? Fastonku bai taɓa zama a garin nan ba. Karɓi."

Tuwo ne ta tashi ta ɗumama domina, da gwiwar nan tata. Da magariba kuma sai ga kunun tsamiya yana tururi, da ƙosai, da dabino a gefen faifai, yadda suke yi wa mai buɗa-baki a watan azuminsu. Litinin da Alhamis ita ma ta riƙa ɗauka, ta ce azumin mutum ɗaya ba daɗi, bari ta taya ni. Alhamis ɗin farko ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ajiye kwano biyu.

"Zo mu sha tare, yau ni ma mai azumi ce."

Na ce mu a ɓoye muke buɗa baki, haka aka umarce mu. Ta ce, "Wannan doka ta yi kyau, ta fi ta masu cika masallaci da gyatsa." Ta miƙo mini nawa, ta zauna ta sha nata ita kaɗai. Rago ya ci sahur, rago ya yi buɗa-baki. Wuyansa ya cika har igiya ta fara matse shi.

Abu na biyun da nake nema kuwa ya samu har ya yi yawa. Duk wadda ta zo sayen alkaki sai Hajiya ta ce mata, "'Yar ɗakina ce, arba'in take yi, ba ruwa." Maƙwabciyarta Iya Mairo ta shigo musamman ta ga mai arba'in. Ni kuma in fito in zauna inda za a ga bushewar leɓena, in amsa sannu da 'yar ƙaramar murya. In na durƙusa addu'a, rabin hankalina yana kan labule, ko an ɗaga an gan ni. Ban tuna na roƙi gafarar komai ba a makonnin nan. Ban ga abin da zan roƙa a kai ba.

Amma yunwar ta gaskiya ce. Ɗalibai sun tafi hutu, aikin bugu ya ɗauke, biredi ya koma garin rogo da nake jiƙawa da ruwan galan. Ɗakin kamar tanda, ga ƙamshin alkaki da zuma wuni guda. Na fara ganin duhu-duhu in na miƙe.

Ana cikin haka aka fara cewa sanƙarau ya shigo gari. An ɗauki yara a Gyallesu, an ɗauki wani magini a lungun bayanmu. Masu allura suka zo suka kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa, aka yi shela kowa ya fito. Hajiya ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofata.

"Taso mu je a huda mu."

Ni kuwa duk abin da za a zuba mini a jiki a cikin ganuwar nan tsoronsa nake. Na ce, "Ina azumi, Hajiya. Allura tana karya namu."

A take na ƙirƙiro ta. Ta dube ni ta ce, "To, ke kika san dokar addininku. Ba zan sa ki saɓa ba." Ta tafi tana ɗingishi.

Ranar da na kurɓi kunun, galan ɗina ba ko ɗigo, don na kasa takawa zuwa Kongo. Kaina yana sarawa tun safe. Magariba ta yi, na ɗaga kwanon zan miƙa ta taga, tururin ya bugi fuskata, tsamiya da citta da kanumfari. Ban san lokacin da na kai baki ba. Kurɓa ɗaya. Tun da na bar gida ban sa abu mai daɗinsa a bakina ba. Na juye sauran da sauri, na durƙusa na roƙi Allah ya tsare ni daga abin da na sha. Wannan ce addu'a ta farko da na yi da gaske a duk azumin, kuma a kan tsohuwar nan na yi ta.

Washegari da la'asar wuyana ya ƙi lanƙwasuwa.

Na rarrafo tsakar gida ina amai, hasken rana yana sukar idona. Hajiya ta yar da matsami ta taho. Ta taɓa goshina, ta sa tafin hannu a ƙeyata ta ɗan tura, na yi ƙara. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ƙwala wa Iya Mairo kira ta kan katanga, kafin a jima mata sun cika tsakar gidan.

Da na so in ce ban san abin da na faɗa ba. Na sani. Na ture hannunta na ce kada ta taɓa ni. Na ce me ta zuba mini a kunu. Na ce an gaya mini halinsu tun kafin in zo, shi ya sa ban taɓa cin loma ɗaya ta gidanta ba, rago nake ba wa tun ranar farko, sahur ɗin ma rago, jiya kaɗai na yi kuskure, ga shi ta kashe ni. Tiryan-tiryan na faɗa, a gaban maƙwabtanta da masu sayen alkakinta.

Man da ke kasko ya ci gaba da tafasa.

"Asabe," in ji Iya Mairo, "kin ji sakayyarki."

"Zazzaɓi ne ke magana. A kira mini Shehu a masallaci, a ce ya nemo mota. Sanƙarau ne."

Da jin sunan ciwon mata suka fara janye 'ya'yansu suna fita, ban ga laifinsu ba. Malam Shehu ya samo akori-kura, amma ba ta shiga lungu, ta tsaya can bakin titi. Ya tsaya a zaure yana juya hula a hannu. Namiji ba ya ɗaukar 'yar mutane a gaban jama'a, matan kuma ba mai son matsowa. Hajiya ta cire mayafinta, ta juya mini baya, ta durƙusa a kan gwiwar nan.

"Mairo, ɗora mini ita, in ya so ki je ki wanke hannu."

Ta goya ni. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne ƙamshin man gyaɗa a wuyanta, da numfashinta yana fita da ƙyar, da muryarta tana cewa, "Kaza ma ta fi ta nauyi."

Zangona na ƙarshe wata rumfa ce da aka keɓe a bayan asibiti, don ɗakunan sun cika. Gadaje kaɗan, sauran tabarmi. An naɗe ni an soka mini allura a ƙashin baya, an yi ta yi mini wasu a cinya masu kauri kamar mai. Kwanakin farko ba ni da su, sun ɓace. In farka in ga an naɗe tabarmar da ke kusa da ni, in sake farkawa in ga wani a kanta. Wata yarinya a gefena ta warke, amma ba ta ƙara jin muryar uwarta ba. Ina gani da wutsiyar ido uwar tana tafa hannu a bayan kunnenta, tana sake tafawa. Har yau ba na iya jure warin maganin wanke ƙasa.

Mai kula da mu wata nas ce, Sista Hannatu, 'yar wajen Jos, Kirista, mai faɗa. Ita ta tambaye ni wa nake da shi a garin. Na ce Yaya Bitrus. Malam Shehu ya hau basfa ya nemo shi har Sabon Gari. Yaya Bitrus ya ce a gaishe ni, yana nan zuwa. Bai zo ba.

Da hankalina ya fara dawowa, Sista ta zo da kofi da cokali. Na datse baki.

"Ista ba ta zo ba, Sista. Ina azumi."

"Kina me?" Ta ajiye kofin. "Maganin nan ba ya zama a cikin da ba komai. Wa kike yi wa azumin? In Allah ne, ya ga haƙarƙarinki, ya ƙirga su. Ni ma ina yi, kin ga na rataya allo a wuya? Buɗe baki kafin raina ya ɓaci."

Hannuna ba ya ɗaguwa, kaina ba ya ɗaguwa. Na buɗe. Haka ta yi ta ba ni safe da yamma ina haɗiya kamar ɗan tsako. Sai da harshena ya dawo daidai na ji abin da nake sha. Tsamiya, citta, kanumfari.

"Sista, kunun nan na asibiti ne?"

"Asibitin da gado bai ishe shi ba ne zai dama miki kunu da kanumfari? Nan kowa danginsa ke kawo masa." Ta nuna waje da haɓa. "Tsohuwar can ce. Tun ranar da aka kawo ki take wuni a gindin darbejiya da filas. Ta ce kada in gaya miki daga ina yake, wai in kin sani ba za ki sha ba. Ita ta riƙe ki?"

Ban iya juya wuya in duba ba. Na kwanta ina kallon kwanon rufi, hawaye yana gangarawa cikin kunnuwana, ba hannun sharewa. Na so in durƙusa, ba hali. Na nemi kalmomi masu kyau irin waɗanda nake jerawa a bayan labule, ba ko ɗaya. Abin da ya fito kawai shi ne, ya Ubangiji, ga ni nan, ka ji tausayina. Na yi makonni ina ƙin abinci don in fi mutane, sai aka karɓe azumin daga hannuna aka bar ni ina jiran cokali. A nan maganar Mama ta same ni.

Na roƙi Sista ta shigo da ita. Da farko ta ce ba a shiga, daga baya ta ɗaura wa Hajiya ƙyalle a hanci ta kawo ta. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar mai ciwo, na ga ta kumbura ta yi biyun ɗayar. Ta buɗe filas ta tsiyaya, ta ɗebo cokali ɗaya, ta ɗaga ƙyallen ta kai bakinta ta shanye a gabana, sannan ta ɗebo nawa.

Duk allurar da aka yi mini ba wadda ta shige ni kamar wannan.

"Hajiya, don Allah kada ki ɗanɗana."

"Zafi nake dubawa. Ke kin cika fassara."

"Ki yafe mini. Abin da na faɗa a gaban mutane..."

"Yi ha." Ta tura cokalin, na haɗiye. "Maganar rago kuwa, kin ɗauka labari kika ba ni? Tun makon farko ya daina kallon dusa. Yana jin ƙarar langa a ƙofarki sai ya miƙe yana leƙen taga kamar mai jiran albashi. Ina aka taɓa ganin rago da miyar kuka a hanci?"

"To me ya sa ba ki daina ba?"

"In daina in ce me? A gidanmu ba a sauke tukunya a tsallake ƙofar baƙo. Na ce wata rana yunwa za ta fi tsoron ƙarfi. Ban san sai mun biyo ta asibiti ba." Ta sake ɗebowa. "Abin da ya tsaya mini allurar nan ce. Sista ta ce ba dokarku ba ce. Da na sani, da kunne zan ja ki. Rubutu kuma, malamin da ke yi mini na gwiwa sai na yi ta aike kafin ya ɗauki alƙalami. Wanda bai ishi ƙafata ba zan ɓarnatar a kanki?"

Na yi dariya, ta ja mini ciwo har ƙeya, na koma kuka. Ta bar ni na yi, tana fifita kunun da bakin mayafi.

"Azumin naki fa," ta ce can, "in kin tashi sai ki rama. Ku ma kuna ramuwa?"

"Ban sani ba, Hajiya. Ina jin ban ma fara ba."

Ranar Asabar, jajiberin Ista, likita ya zo zagaye da hantsi. Hajiya tana zaune a gefe da filas ɗinta. Ya haska idona. Ya kaɗa yatsu a kunnena na dama, na ji. A na hagu na ji kaɗan-kaɗan, kamar daga cikin rijiya. Ya ce wannan zai iya dawowa, zai iya zama haka. Sannan ya sa Sista ta zaunar da ni.

"Malama Rifkatu, taɓa ƙirjinki da haɓa."

Na ji tsoron gwadawa. Na saki kaina a hankali ina jiran sandar nan ta tare ni. Ya tafi, ya tafi, har haɓata ta sauka a kan ƙashin ƙirjina.

"Kin tsallake," in ji likita. "Ba sauran haɗari. A ci gaba da ba ta abinci." Ya wuce tabarma ta gaba.

Na ji Sista ta ce mun gode wa Yesu, na ji Hajiya ta ce alhamdu lillahi, kusan tare. Ni ban ɗago ba. Daga inda kaina yake ba abin da nake gani sai ƙafar Hajiya, kumburarriya, da jar ƙasar lungunmu a tsakanin yatsunta. Na zauna a haka, na daɗe.

"Ɗago mana," ta ce. "Cewa ya yi ya lanƙwasu, bai ce ki kwana a nan ba. Ni yanzu ragon nan nake tausayi, zai koma dusa."

Na ji ƙarar murfin filas. Na ɗago, na buɗe baki.